Wace ce dabbar ƙasarmu? Amsa ga wani malamin lakwal

Wani matashin malami da ke riƙe da ajin CM2, ajin ƙarshe na firamare, a wani ƙauye na gundumar Madarunfa ya aiko mini da wannan tambaya: "Baba Malam, ina wuni. Na ba yara aiki su rubuto alamomin ƙasarmu. Wata yarinya ta rubuta tuta, take, raƙumin dawa, mena da kuros ɗin Agadas. Na soke uku na ƙarshe da jan biro. Washegari mahaifinta ya zo har lakwal ya ce ai mena ce dabbar ƙasa, tunda ita ce sunan 'yan ƙwallonmu. Wa ke da gaskiya tsakaninmu? Kuma mene ne ma'anar launukan tuta a dokance?"

Ɗana, lafiya lau, ya ƙoƙari da yara? Ka ajiye jan biron nan tukuna mu yi magana. Ta fuskar doka kai ne da gaskiya: babu mena, babu raƙumin dawa, babu kuros a cikin jerin da hukuma ta rubuta. Amma uban yarinya ma bai faɗi ƙarya ba, don in ka ce "Mena" a Bamako ko a Kano, duk mai sauraren ƙwallo ya san Nijar ake nufi. Tangarɗar tana cikin tambayar da ka ba yaran. Ka ce su kawo alamomin ƙasa, ba ka faɗa musu waɗanda doka ta tsayar kake so ko waɗanda jama'a suka ɗauka da kansu ba. Ni ma na yi shekaru ina rubuta irin wannan tambaya a allo kafin na gane ni ne mai haƙa wa yara rami.

Ma'aunin ba shi da wuya. Duk wanda ya ce maka abu kaza alamar hukuma ce, tambaye shi a wace takarda, a wace aya. Kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, a ayarsa ta farko, ya ambaci abubuwa biyar: tuta, take, kirari, hatimi da tambari. Shi ke nan. An dakatar da wannan kundi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kuma tun 26 ga Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ne ke aiki, amma tuta da tambari da kirari suna nan yadda suke. Na ɗauko maka na 2010 ne don ya zayyana su dalla-dalla, kuma shi ne ke cikin yawancin littattafan da ke hannunku.

Tuta an amince da ita ranar 23 ga Nuwamba 1959. Ka lura da lissafin, don yara suna son irin wannan: an kafa jamhuriya 18 ga Disamba 1958, an karɓi 'yancin kai 3 ga Agusta 1960, ke nan tuta ta girmi 'yancin kai da wata takwas da 'yan kwanaki. Layi uku ne a kwance, faɗinsu ɗaya: ruwan goro a sama, fari a tsakiya, tsanwa a ƙasa, da da'ira ruwan goro a tsakiyar farin.

Wannan "a kwance" da wannan da'ira, kada ka raina su. Shekarar da aka fara ba ni riƙon wata lakwal ta ƙauye, tutarmu ta koɗe, hunturu da rana sun mai da ruwan goron kamar ruwan koko, bakinta duk ya zare. Aka ce baƙi na tafe daga Maraɗi. Na ba wani ɗan aji kuɗi ranar kasuwa ya kai wa tela, na ce ruwan goro, fari, tsanwa. Telan bai jima da dawowa daga ci-rani a Abijan ba. Da safe aka buga ƙarfen tayar mota da muke ƙararrawa da shi, yara suka yi layi, aka ɗaura tuta a igiya, aka ja. Da iska ta buɗe ta sai ga layuka a tsaye, babu da'ira. Tutar Kodibuwa muka ɗaga a tsakiyar ƙasar Katsinar Maraɗi, muna ƙame muna rera take. Allah ya sa baƙin sai da hantsi suka iso, muka mai da tsohuwar mai koɗewa. Launukan ƙasashen biyu ɗaya ne, kuma a ƙarshen shekara guda aka ɗauke su, lokacin da Diori Hamani na Nijar da Houphouët-Boigny na Kodibuwa suke tafiya ɗaya a jam'iyyar RDA. Tutar Indiya ma tana ruɗa mutane, amma tata tsakiyar ƙafar keke ce shuɗiya mai wayoyi 24, kuma tun 1947 take.

Ma'anar launuka kuwa, ga amsar da za ta ba ka mamaki: ayar ba ta ba su ma'ana ba. Ta faɗi launi, ta faɗi jeri, ta yi shiru. Abin da muke koyarwa, cewa ruwan goro hamada ce ta arewa, fari tsarkin zuciya, tsanwa albarkar kudu da fatan alheri, da'ira kuma rana, fassara ce da aka saba da ita tun dā har ta zauna kamar nassi. Ba laifi ka koyar da ita, ni ma ita na koyar. Sai dai ka ce wa yara "haka aka saba fassarawa", kada ka ce "doka ta ce". In wani yaro ya kawo maka cewa da'irar alamar sadaukar da kai ce don kare ƙasa, kada ka soke, wannan fassarar ma tana yawo a littattafai. Haka kuma ayar ba ta ƙayyade tsawo da faɗin ƙyallen ba, shi ya sa ta ofishin gwamna da ta bakin kasuwa ba sa zuwa ɗaya.

Yanzu tambari, inda amsar uban yarinya take ɓoye. Mutane suna wuce shi kullum a ƙofar ma'aikatu, kaɗan ne suka taɓa tsayawa su dube shi. Garkuwa ce, a tsakiyarta rana mai haskoki. A hannun hagun mai kallo, mashi a tsaye, takubba biyu na Abzinawa sun gicciye a kansa. A hannun dama, zangarniyar hatsi uku, ɗaya a tsaye, biyu a gicciye. A ƙasa, kan bijimin sa. Dukkansu ruwan zinariya. Garkuwar tana jingine kan tutoci huɗu, biyu ta kowane gefe, an rubuta sunan jamhuriya a ƙarƙashi. In ka karanta ayar da Faransanci za ka ga ta ce mashi yana dama, hatsi yana hagu. Kada ka ce an yi kuskuren bugu: a ƙa'idar masu zanen tambari, daman wanda ke riƙe da garkuwa ake nufi, wato hagun wanda ke fuskantarsa. Wani abu kuma, nassi ya ce garkuwar tsanwa ce, amma sau da yawa za ka ga an buga ta fara.

To ka gani? Dabba ɗaya tak doka ta ambata, kuma sa ne mai tozo. Ba ta ce na Azawak ba, ba ta ce jan Bororo mai dogon ƙaho ba, sa kawai. In dole sai an ce akwai dabbar da hukuma ta san da zamanta, to ga ta nan tana kiwo a bayan lakwal ɗinku.

Ni wannan tambari yana burge ni, kuma zan faɗi dalili. Maƙwabtanmu na kudu sun sa jar mikiya da fararen dawaki biyu, wasu ƙasashe sun sa zaki ko damisa, dabbobin nuna isa. Namu ya sa abin da ake ci da abin da ake kiwo da abin da ake kare kai da shi, da rana da ke dukan kowa. Manomin Gidan Rumji zai ga zangarniyarsa, makiyayin Dakoro zai ga sansa, mutumin Abzin zai ga takobinsa. Amma akwai waɗanda ba za su ga kansu ba: babu kogi, babu kifi, babu kwalekwalen masunta, kuma babu raƙumi, a ƙasar da ayarin gishirin Bilma ya yi suna. Game da raƙumi ka tuna da siyasar wancan zamani. Giwa alamar RDA ce, raƙumi alamar Sawaba ce ta Jibo Bakari, wadda aka haramta a 1959. Duk wanda ya ɗora ɗaya daga cikinsu kan garkuwar ƙasa a lokacin, ya ɗauki ɓangare ke nan. Tsofaffin Maraɗi da suka ga wannan zamani, har yanzu in ka ce "raƙumi" da wata irin murya sun san ba na ayarin gishiri kake nufi ba.

Hatimi shi ne zanen nan dai cikin da'ira mai faɗin milimita 40, sunan jamhuriya a sama, kirari a ƙasa. Kada yara su haɗa shi da kashen da sakatare ke bugawa a takardar haihuwa, wancan na ofishi ne. Kirari kalmomi uku ne, waɗanda muke mayarwa Hausa da Zumunci, Aiki, Ci Gaba. Ka gwada tambayar masu kabu-kabu goma a bakin babbar kasuwa su faɗa maka shi. Sannan ka ce musu "zancen ƙasa ne" ka ga ko akwai wanda zai tsaya tunani. Wannan magana, da 'yar'uwarta ta Zabarmanci "labu sanni no", ba ta cikin jerin biyar ɗin nan, amma tun 2023 ta hau bayan babura da riguna da bangon shaguna fiye da yadda kirarin hukuma ya taɓa hawa. Ga bambancin da kake nema a fili: ɗaya yana kan takarda, ɗaya yana kan harshe.

Take shi ne ya fi ruɗa malamai yanzu, don littattafan da ke cikin akwatin darakta sun tsufa. Tsohon take, La Nigérienne, an ɗauke shi a 1961. Bafaranshe ne ya rubuta baitocin, Maurice Albert Thiriet, Faransawa biyu suka sa masa kiɗa, Robert Jacquet da Nicolas Frionnet. Abin da ya daɗe yana ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne wani baiti da ke kiran 'yan ƙasa su zama masu godiya da sabon 'yancinsu. Godiya ga wa? Mai karɓar kyauta ke godiya, wanda aka mayar wa kayansa ba ya durƙusawa. A 2019 gwamnatin Mahamadu Isufu ta ba da sanarwar za a canza shi, ranar 22 ga Yuni 2023 majalisar dokoki ta amince da sabo, L'Honneur de la Patrie, wato darajar ƙasar haihuwa. Riƙe wannan rana da kyau. Mutane da yawa, har da masu boko, sun ɗauka sojoji ne suka canza take. A'a, zamanin Bazum aka yi, wata ɗaya da kwana huɗu kafin juyin mulki, hukumomin da suka zo kuma suka ci gaba da shi.

Abin dariya, ba a cika shekara ba sai Najeriya ta yi nata canjin, amma ta juya baya: a Mayun 2024 ta ajiye taken da 'yan ƙasa suka tsara a 1978 ta koma wa na 1960, wanda wata Baturiyar Ingila ta rubuta. Mu muna fita ta ƙofar da su suke shiga. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Ɗan Isa da Jibiya ya tarar da take biyu duk sun canza masa cikin wata goma sha ɗaya. Ni kaina, da na rera tsohon fiye da shekara talatin kowace safiyar aiki, har yau bakina yakan zame. Wannan ya ishe ka gane cewa alamar hukuma hannu ɗaya ke kafa ta, hannu ɗaya ke cire ta: in majalisa ta ɗaga hannu yau, gobe littafinka ya zama tsoho.

Abubuwa biyu sababbi ka ƙara wa yara da bakinka, tunda littafi bai san da su ba. Na farko harshe. A dā Faransanci ne harshen hukuma, Hausa kuma ɗaya ce daga cikin harsunan ƙasa goma. Kundin 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ka faɗi wannan da natsuwa, ɗana. Ajinka ba zai rasa ɗan Fulani ko Buzu ba, kada ka bar 'yan Hausa su mai da shi abin gori a filin wasa. Na biyu tutar AES, tsanwa mai itacen kuka a tsakiya, wadda aka fito da ita a Fabrairun 2025 don haɗakar Nijar da Mali da Burkina Faso. Ana ɗaga ta kusa da tamu, ba ta maye gurbinta ba. Ranakun hutu irin su 18 ga Disamba, 3 ga Agusta, 24 ga Afrilu ta sasantawar 1995, da 26 ga Yuli da aka ƙara a 2024, su ma doka ce ta tsayar da su, sai dai ba a cikin waccan aya ba. Manyan 'yan ajinka za su ji iyayensu na ambaton Maraɗi Kwalliya, bikin 18 ga Disamba na 2015 da aka yi a nan.

Mu dawo kan abubuwa ukun da ka soke.

Mena barewa ce, mafi girma a dangin bareyi, fara mai jan wuya da jan baya, doguwar ƙafa. Sunanta ne ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ke amsawa, kuma ƙwallo ce ta kai sunan inda dabbar ba ta taɓa zuwa ba. A Oktoban 2010 Mena ta ci Masar ɗaya da nema a Yamai, Musa Ma'azu ya zura, Masar kuwa a lokacin ita ke riƙe da kofin Afirka. Daga nan aka je gasar 2012, karon farko, aka koma a 2013. Uban yarinyar nan ina jin yana cikin waɗanda suka yi tsalle ranar, yaya za ka ce masa mena ba komai ba ce? Abin takaici, dabbar kanta ta kusa ƙarewa. 'Yan ɗaruruwa ne suka rage a daji duk duniya, namu suna can duwatsun Termit da Abzin. Masu sanye da rigar Mena a filin wasa na Seini Kunce rana guda sun ninka menar da ta rage sau da yawa.

Raƙumin dawa kuwa yarinyar ta fi ka kusa da gida ba ta sani ba. Irin na Afirka ta Yamma, mai hasken fata, a Nijar kaɗai ya rage, a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. A 1996 guda 49 aka ƙirga. Da aka hana farauta, mutanen ƙauyukan suka yarda su zauna da su duk da ɓarnar wake, sai suka haura 600. A Nuwamban 2018 aka ɗebi takwas a manyan motoci aka kawo su dajin Gadabeji, a arewacin jiharmu, inda kakanninsu suka taɓa kiwo kafin fari da bindiga su share su. Ke nan ɗan Maraɗi ma yana da raƙuman dawa a jiharsa.

Kuros ɗin Agadas aikin maƙeran Abzinawa ne, da azurfa, su suna ce masa tanaghilt. Turawa ne suka laƙa masa sunan kuros don siffarsa, ba ruwansa da coci, ka faɗa wa duk wanda ya ɗaga gira. Garuruwa da yawa suna da nasu zanen, akan ƙirga 21, amma na Agadas ya shanye sauran. Shi da hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, wadda UNESCO ta sa tsohon garin da take ciki a jerin kayan tarihin duniya a 2013, su ne fuskar Nijar a idon baƙo. Ka lura da wannan: yawancin abin da ake kira alamarmu a waje, zaɓin mai kyamara ne. Hamada, rawani, raƙumi, kwalliyar Wodaɓe. Yaron Tibiri da bai taɓa wuce Tawa ba yana kallon hoton ƙasarsa a talabijin kamar hoton wata ƙasa.

Shi ya sa in ni aka tambaya wace alama ce ta fi haɗa 'yan Nijar, ba zan je nesa ba: takobin kokowa. An fara gasar a Tawa a 1975, kuma ɗan Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin, Yakuba Kantu, wanda filin kokowar garin nan ke ɗauke da sunansa. Jihohi takwas, kowace da 'yan kokowa goma, gasar tana zagayawa daga jiha zuwa jiha. Ka san yadda ƙauyenku yake zama a waɗannan kwanaki, ba sai na faɗa maka ba. Rediyo ɗaya rataye a reshen bedi, dattawa a kan tabarma, mai shayi ya bar buta tana tafasa har ta ƙone, mata sun dakatar da daka suna kasa kunne ta kan danga. Da mai sharhi ya ɗaga murya ya ce an kai wane ƙasa, ihun yakan tashi daga unguwa uku lokaci guda. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobin sau shida, kuma yaran Difa da na Tillaberi duk sun san sunansa, abin da ministoci da yawa ba su samu ba. Gwamnati ce ke shirya gasar, manyanta ke miƙa takobin, amma ba ya cikin jerin alamomi. Ke nan tsakanin na doka da na jama'a akwai wani tsaka-tsaki: abin da hukuma ke riƙe da shi da hannu biyu ba tare da ta rubuta shi a waccan aya ba. Mena ma nan take zaune.

Itacen ƙasa? Babu a doka. Tun 1975 ake dasa itatuwa ranar 3 ga Agusta, kuma akwai shahararren itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada har wani direba ya banke shi da mota a 1973, gangar jikinsa tana gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Amma da za a ba ni ƙuri'a, gawo zan jefa wa. Itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya yi ganye da rani lokacin da kowa ke neman inuwa, 'ya'yansa su ciyar da bisashe, ƙarƙashinsa kuma hatsi ya fi na sarari tsawo. A Damagaram tsofaffi suna ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimu ya sa wa mai sare gawo. Kuma a nan jihar Maraɗi ne, tun shekarun 1980, manoma suka fara sassaben zamani: a bar tohon kututture, a rage rassa, a raini biyu ko uku. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 da suka dawo ta wannan hanya a kudancin ƙasar. Babu wanda ya zana gawo a garkuwa, amma ka hau mota daga nan zuwa Tasawa ka duba ta taga.

Sauran ka san su: jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ke ƙetare hamada tun dā har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don can suke sayenta, albasar Galmi, kilishi, cuku, fura da nono. Wasunsu har an yi musu rajistar suna don kada wani ya sayar da nasa da sunan namu, amma wannan kariyar kasuwanci ce, ba ta mai da kilishi alamar jamhuriya ba. Tambari da kakaki da algaita na fadar Sarkin Katsinar Maraɗi da ta Sarkin Gobir a Tibiri alamomin sarauta ne, sun girmi jamhuriya nesa ba kusa ba, kuma ba su san iyaka ba, irinsu ake busawa a Katsina da Daura. Kada ka bar yara su haɗa tambarin da ake kaɗawa da tambarin da ake zanawa, kalma ɗaya ce mai aiki biyu.

Akwai tarko ɗaya da kan kama har malamai: kuɗi. Ka zaro dala ashirin ko jika daga aljihu ka duba. Zanen nan mai kama da kifi mai dogon baki kamar zarto alamar babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma ce, an ɗauko ta daga ma'aunin zinariya na tagulla na mutanen Akan. Ƙasashe takwas ke kashe kuɗin, babu tutar Nijar ko tambarinta a jiki. Duk yaron da ya rubuta maka sefa a matsayin alamar ƙasa, wannan kam jan biro ya halatta.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Ranar Litinin ka raba allo biyu. Gefe ɗaya ka rubuta "waɗanda doka ta tsayar", ka jera biyar ɗin nan. Ɗaya gefen ka rubuta "waɗanda aka san mu da su", ka bar yara su cika da kansu, za ka ga sun kawo abubuwan da ni da kai ba mu tuna ba. Ka mayar wa yarinyar makinta, ka ce mata amsoshinta uku sun shiga gida na biyu, ta ƙaro kirari da hatimi da tambari a na farko. A jarrabawar ƙarshen shekara kuwa ka gargaɗe su, in an ce alamomin jamhuriya, biyar ɗin ake nufi, kada su kai mena can.

Uban kuma ka aika masa ya zo, ka shimfiɗa masa tabarma, ka nemo hoton tambari babba wanda ake ganin komai. Ka miƙa masa ka ce, "Alhaji, duba mini ƙasan garkuwar nan, wace dabba ce?" Ka bar shi ya faɗa da bakinsa. Ka gaida darakta da sauran malamai.